Araba Mai Dokunu Ta Tafi Kallon Teku

Yayata Araba ta fara sayar da dokunu a bakin titin Yamoransa tana da shekara goma sha tara. Yanzu tana da sittin da ɗaya. In ka cire ranakun Lahadi da haihuwa uku da ta yi, ban san ranar da teburinta ya wuni babu kaya ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Accra zuwa Takoradi ya gan ta, ko da bai san ya gan ta ba. Ita ce doguwar nan mai faɗin goshi da ke riga 'yan mata isa tagar mota da ƙullin dokunu a shuɗiyar leda. Gwiwarta ta hagu ta daina lanƙwasuwa tun bara waccan, amma har gobe in mota ta rage gudu, ƙafar ce ke fara tashi kafin mai ita ta yanke shawara.

Dokunu ba abinci ba ne mai barin mutum ya huta. A jiƙa masara kwana uku, a kai inji, a kwaɓa a bar shi ya yi tsami, a tuƙa rabi a haɗa da ɗanyen, a naɗe a busasshen ganyen ayaba, a ɗora a wuta rabin yini. Kafin wannan tukunya ta sauka, wata masarar na cikin ruwa tana jira. Da wannan ta yi wa 'ya'ya uku makaranta, ta ɗora rufin kwano, ta yi jinyar mijinta Ebo, mai aikin kafinta, har ya rasu shekara shida da suka wuce. Ni ƙaninta ne, Kwamena, direban tasi, kuma dattijo a cocinmu. Na faɗi wannan na ƙarshen ne don ku san irin mutumin da aka sa ya yi abin da zan ba ku labari.

A wurinmu mutum ba ya tafiya haka kawai. In ka ga Bafante da jaka, to wani ya mutu, ko wata ta haihu, ko ana aure, ko ana shari'ar fili. Shi ya sa motocin ranar Juma'a da yamma suka daɗe suna damun Araba. Mutanen Accra ne, da baƙin tabarau da guntun wando, kiɗa na tashi, ba baƙin zane, ba kujerun haya a saman mota. Su sayi dokunu, su ɗauke ta hoto ba su tambaye ta ba, su yi yamma. Wata rana ta kasa haƙuri ta leƙa tagar wata mata ta ce, "'Yata, wa ya rasu?" Matar ta yi dariya ta ce, "Ba wanda ya rasu, Maame. Teku za mu kalla."

Teku kuwa ga shi nan a Moree, tafiyar da ba ta kai a zauna a mota ba. Duk mako Araba na zuwa sayen kifi. Sai dai bayanta take ba shi, don wanda ya ɗauke ido daga kwandon kifi a Moree na jiya zai tafi da shi gida.

Ranar wata Asabar ina cin abinci a ƙarƙashin rumfarta, ta zauna a gabana, abin da ba ta saba ba.

"Kwamena, motar nan taka za ta kai Axim?"

"Yaya, motata ta je Kumasi ta dawo. Wa ya rasu a Axim?"

"Ka ji ka, kai ma. Ba wanda ya rasu. So nake in je inda mutanen nan suke zuwa, in yi abin da suke yi."

"Me suke yi?"

"Ba komai. Zama suke yi su kalli ruwa. So nake in zauna haka nan, hannuna babu komai, ba mai kirana. Ko na awa ɗaya ne."

Na yi dariya har yaji ya sarƙe ni. Ita ba ta yi ba. Ashe har ta yi magana da 'yarta Baaba da ke aikin jinya a Kumasi, ita kuma ta kama mata ɗaki a wani ƙaramin masauki gaba da Axim kaɗan, kwana biyu, Litinin da Talata. Lissafin ma ba na Baaba ba ne, na masara ne. Za a jiƙa ta Litinin da asuba, dole a tsame ta Alhamis da sassafe, kuma Araba ba ta yarda wani hannu ya taɓa mata masara ba tun da take. Ni kuma idona ba ya son tuƙin duhu. Ke nan Laraba ƙarfe uku na rana dole mu juyo, ko an ga teku ko ba a gani ba.

Tafiyar awa uku da rabi ce in hanya ta yi kyau. Na ce mata kafin azahar tana zaune a kan yashi.

Litinin muka tashi da kula cike da dokunu da soyayyen kifi da yaji, wanda zai ciyar da mutum goma, don a ganinta abincin masauki na marasa uwa ne. Ta zauna a gaba, jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Da muka fita Cape Coast muka hau wannan guntun titin da ke bin gaɓa, itatuwan kwakwa a jere, ruwa na dukan yashi yana komawa, ta ce, "Rage gudu." Na rage har mai babbar mota a bayana ya zagi kakana. Ta leƙo ta gabana tana kallo, baki a ɗan buɗe. Sau dubu na bi wurin nan, ban taɓa ganin komai ba sai ramuka da 'yan sanda. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata tafiyar nan za ta yi kyau.

Minti goma ke nan. Daga nan muka shiga Elmina.

A Elmina Kawu Amissah yake, yayan mahaifiyarmu, babban danginmu gaba ɗaya, shekara tamanin da huɗu. Na ce mu bi ta baya mu wuce. Araba ta kalle ni ta ce, "Motarka mai ƙofa launi biyu? Kafin mu kai Komenda an gaya masa. Mu gaishe shi a tsaye mu fita." Ban san wanda ya taɓa gaida Kawu Amissah a tsaye ba, amma na karya kan mota zuwa gidansa.

Aka ba mu kujeru. Muka bi mutanen gida muna ba su hannu daga dama zuwa hagu, suka taso suka biyo mu da nasu. Aka kawo ruwa, muka kurɓa. Sannan Kawu ya gyara zanensa a kafaɗa ya dubi surukinsa, wanda shi ke isar masa da magana, ya ce a tambayi amandze. Ko kai da mutum kuka kwana ɗaki ɗaya, in ka shigo gidansa da ƙurar hanya sai ka faɗi abin da ke tafe da kai a gaban kowa, kafin a yi wata magana.

Araba ta ce, "Ka gaya wa Kawu lafiya lau muka zo. Axim za mu, in kalli teku."

Shekara ashirin surukin nan yana isar da maganar mutuwa da ta aure da ta rabon gado, bai taɓa karo da irin wannan ba. Ya juya ga Kawu da kiran girmamawa irin namu ya ce, "Nana, 'yarka ta ce ba mugun abu ba ne. Ta ce... akwai abin da za ta duba a Axim, ta wajen ruwa."

Kawu ba kurma ba ne. Ya tsallake surukin ya ce, "Wane tekun? Wannan na bayan gidan nan da ya cinye mini jirgi biyu? Na Axim wani launi ne daban?"

"Hutu ne, Kawu."

"Hutu."

"Hutu."

Sai ya miƙe da sandarsa ya yafito ni zuwa bayan ɗaki, ya kama mini hannu ya yi ƙasa da murya. "Kwamena, ni ba yaro ba ne. Na binne uwarku, na binne ƙannena huɗu. Me likita ya ce?"

"Kawu, gwiwa ce kawai."

"Haka suke cewa. Wata nawa ya ba ta?"

Na rantse, na sake rantsewa. Duk rantsuwar da na yi sai ya ƙara girgiza kai yana yaba mini da iya riƙe sirri. Kafin mu koma tsakar gida labari ya riga mu. Mata sun kewaye Araba, wata na shafa mata baya, wata ta fara sharar hawaye, an aika a kira fasto. Ya zo ya yi addu'a ta kusan awa ɗaya, ya kori ciwon da babu shi daga kowace gaɓa ta jikinta, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko saifa ba. Aka yanka kaza. Ba a barin mai bankwana da duniya ta tafi ba ta ci kazar kawunta ba. Araba ta leƙa madafa don ta ce kar a wahala, ta ga yadda matar jikan Kawu ke shirin kashe miyar da ruwa, sai na ga ta naɗe zane ta karɓi ludayi. Na san mun kwana.

Da la'asar ta gwada sa'arta. Ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta zaga bayan gida inda ruwa yake, ta zauna tsakanin jirage. Ban ƙirga zuwa ɗari ba Kawu ya tura mata mata biyu, wai kar a bar ta ita kaɗai da tunani kusa da ruwa mai zurfi. Da yake ba a zama hannu sake, suka tafi da kwanon kifi. Da na leƙa, yayata na fere ƙaya, ta ba teku baya don iska na watsa mata ɓawon a fuska.

Talata muka fita da ƙyar, bayan Kawu ya sa mata albarka irin ta wanda ba za a sake gani ba. Da muka wuce mararrabar Komenda na fara yi mata mita.

"Yaya, da kin ce masa asibitin Takoradi za mu, da tuni muna can."

"In yi wa kawuna ƙarya a kan amandze? Kai fa dattijon coci ne."

Waya ta fi motata gudu. A mararrabar Shama muka tarar da Inna Mansa, ƙanwar mahaifiyarmu, zaune a kan benci a bakin titi da lema, tun safe take jira. Ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta san zan tsaya.

Aka sake jera kujeru, aka sake bin hannu, aka sake kawo ruwa, aka sake tambaya. Araba ta sake faɗin gaskiya, wannan karon muryarta ta ɗan dushe. Inna Mansa ba irin Kawu ba ce. Ta sa aka kawo fufu da miyar kwakwar manja, ta zauna tana kallon yadda Araba ke ci. Da kwano ya koma fes ta tafa hannu.

"Amissah ya tsufa. Wannan ce mai mutuwa? Mai mutuwa ba ta tauna ƙashin kaguwa. Ke Araba, dube ni nan. Wane ne shi?"

"Wa, Inna?"

"Namijin da ke Axim. Masunci ne? Yana da mata? Ba laifi ba ne, shekara shida ai kin yi ƙoƙari. Amma ki bi ta ƙofa, ya kawo giyar gaisuwa gaban dangi, ba ki sa wannan sakaran ya kai ki a ɓoye ba."

Sakaran ni ne. Ɗanta kuwa, da ke tsaye jikin ƙofa, nasa tunanin daban. Ya ja ni gefe ya ce in gonar kwakwar kakanninmu da ke wajen Axim za mu sayar, to mu sani ba mu kaɗai muka gaje ta ba. Gonar da teku ya cinye tun ina makarantar firamare.

Na ce to mun gaisa, za mu kama hanya. Inna Mansa ta ce tun da Allah ya kawo babbar 'ya har gida, akwai wata 'yar magana. Jikarta ta yi yaji wata biyu ke nan, mijin da mutanensa na nan kusa, an rasa wanda kowa ke jin nauyinsa. 'Yar maganar ta fara ƙarfe goma sha ɗaya. Aka tono wanda ya fara zagin uwar wani, da wanda ya ɓoye makullin firji, da abin da aka faɗa a wani suna shekara uku baya. Araba na tsakiya, tana saurare, tana tsawatarwa, tana lallashi. Ta iya, abin haushin ke nan. Da rana ta yi ja aka shirya su, miji da mata suka ci a kwano ɗaya, kowa na cewa Allah ne ya aiko ta. Daga tagar ɗakin da aka sauke ta ana jin ƙarar ruwa, amma abin da ake gani katangar maƙwabci ce da ragar kifi a shanye.

Laraba da safe na tashi da fushi. Na fi jin haushinta a kan na dangin. Mace ta yi shekara arba'in da biyu tana tare motoci a titi da ƙirjinta, ta kasa ce wa tsohuwa ɗaya a'a. Kuma saura mafi wuya a gaba: Agona Nkwanta, gidan dangin marigayi Ebo, wanda ke bakin titi sosai har in ka yi tari a mota sai su ce maka sannu. Surukai ba a gaishe su a gurguje. Na lissafa, in suka riƙe mu kamar sauran, daga can gida za mu juyo.

Cunkoson Takoradi ya ci mana awa ɗaya. Muna fita ta ce, "Shiga gidan man nan."

"Akwai mai."

"Na ce ka shiga."

Ta ɗauki jakarta ta zaga baya. Da ta fito ban gane ta ba sai da ta kama ƙofar mota. Baƙin zane daga sama har ƙasa, baƙin ɗankwali, jan ƙyalle a wuya. Babu macen kirki a garinmu da za ta yi tafiya ba kayan makoki a ƙasan jakarta, don ba ka san abin da za ka tarar ba. Ta yage gefen jan ƙyallen ta ɗaure a madubin motata da kanta, ta shiga ta zauna.

"Yaya, mene ne haka?"

"Makoki za mu."

"Na wa?"

"Kai dai ja mota."

"Jiya fa kika ce ba kya ƙarya a kan amandze. Kuma da mutuwa? Mutuwa ake wasa da ita? In wani ya faɗi a dangi cikin makon nan, ke za a ce kin kira ta."

"Na faɗi gaskiya sau biyu, ka ga abin da ta saya mini. Ƙarfe nawa?"

"Tara da rabi."

"To wa'azin ya isa, Dattijo. Ka ajiye sauran sai Lahadi."

A Agona Nkwanta yayar Ebo, Maame Esuon, na ganin baƙin zane ta ƙwala wa yara kira a kawo ruwa da sauri. Ko kujerun ba a gama jerawa ba aka tambayi amandze. Ni na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Araba ta ce, ba ko gargada, "Makoki za mu gaba da Axim."

"Ayya! Ayya, sannu. Na wajen su wa?"

"Wani ne da na daɗe da sani."

"Allah ya ji ƙansa. To me kuke jira? Ku tashi, ku tashi, kar a ɗaga gawa ba ku isa ba. Kwamena, ka bi a hankali bayan mararraba, hanyar ta lalace. In kun dawo ma yi hira."

Minti bakwai. Na duba agogo. Har mota ta rako mu, ta tura mana burodi biyu ta taga, ta tsaya a titi tana tare mana wata babbar mota don mu samu mu fita. Kwana biyu ana riƙe mace mai rai da ke son ta huta, ga gawar da babu ita an buɗe mata hanya har da rakiya. Na so in faɗi haka, na ga fuskar Araba ba ta wasa ba ce, na haɗiye.

Daga nan ba wanda ya tsayar da mu. Jan ƙyallen nan ya yi aikin da hon ɗina bai taɓa yi ba. Muka wuce gonakin roba, muka bar kwalta muka hau jar hanya mai ramuka, ƙasan mota na gurzar ƙasa ina jin abin har cikin haƙorina. Sha biyu saura muka iso. Ma'aikaciyar masaukin ta duba littafinta ta ce ɗakin ya yi kwana biyu yana jiranmu, yanzu kuma lokacin fita ya yi, amma ganin halin da muke ciki za ta iya barinmu mu watsa ruwa. Araba ta ce ba ɗaki ta zo gani ba. Ta cire takalmi ta ba ni, ta bi ta tsakanin itatuwan kwakwa tana jan ƙafar nan tata.

Wurin ba laifi, ni ma na yarda. Yashi fari, ruwa har inda ido ya ƙare, wani ɗan tsibiri can da itatuwa a kansa. Ga mutanen nata na ranar Juma'a kuwa, kwance a kan tawul, sun shafe jiki da mai. Ta wuce su ta je can nesa inda wani tsohon kwale-kwale ke kife, ta zauna a kansa, ta fuskanci ruwa.

Na tsaya a inuwa ina jiran in ga wanda zai fara damunta. Mai sayar da kwakwa ya nufe ta da addarsa, ya ga baƙin zane, ya yi kwana. Wani Bature ya ɗaga abin ɗaukar hoto, matarsa ta dafa masa hannu ya sauke. Masu jan raga suka zo wucewa da waƙarsu, suka yi ƙasa da murya har suka gota ta. Ba mai kiranta.

Hannuwanta ne suka ba ta wahala da farko. Ina hango su. Ta ɗora a cinya, ta sauke, ta kakkaɓe yashin da ke jikin kwale-kwalen, ta tsinci wani busasshen ganye ta fara naɗe shi ba ta sani ba, ta lura, ta yar. Can dai suka kwanta.

Na koma mota na ɗan kishingiɗa. Da na farka ƙarfe biyu ta wuce, ga yunwa na cina, tun shayin Shama ban sa komai a ciki ba. Na ce ai ta samu awarta har da ƙari, bari in je ta zo ta zuba mana abinci mu kama hanya.

Da na matso na ga ba ita kaɗai ba ce. Wata tsohuwa 'yar garin, da kwandon ƙyafaffen kifi a gefenta, ta zauna a ɗaya ƙarshen kwale-kwalen. Ba ta matsa kusa ba, ba ta taɓa ta ba. Na ji tana tambaya da harshenmu na Fante, mai karkata irin na mutanen Nzema da ke yankin.

"'Yar'uwa, wa kika rasa?"

Na ce a raina yau ƙarya ta ƙare, sai mu ji sunan da za ta ƙirƙiro.

Araba ba ta juyo ba. Ta ce, "Mijina."

"Ayya. Yaushe?"

"Shekara shida."



"Lokacin ina kan murhu," in ji Araba. "Mutum ɗari huɗu suka zo jana'izar. Da aka ɗaga shi ina sauke tukunya ta tara. An ce in zo in gan shi kafin a rufe, na ce ga ni nan zuwa."

Daga nan muryar ta karye. Ban taɓa jin yayata na kuka ba, ko da muna yara, ban ma san haka muryarta take ba in ta yi. Kuka ne mai nauyi, daga ciki, kafaɗunta na rawa, tana kiran Ebo da wani suna da ban san tana kiransa da shi ba. Ruwa na ta dukan yashi abinsa.

Ina wurin a ranar jana'izar. Ni ne ma na miƙe a gaban jama'a da lasifika na yaba mata, na ce ku dubi jarumar mace, ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba, kuma ba baƙon da ya tafi da yunwa. Aka tafa. Kunya ta kama ni a bakin ruwan nan, irin wadda ban ji ba tun ina saurayi, na rasa inda zan sa takalmanta da ke hannuna.

Tsohuwar ce ta ɗago ta gan ni tsaye.

"Kai kuma wane ne nata?"

"Ƙaninta ne, Maame."

"Me kake so?"

Da ina da hankali da na ce ba komai. Amma bakina ya riga ni. "Dama... abinci ne. Na ce ko za ta zo ta zuba."

Ta dube ni tun daga furfurata har ƙafa. "Hannunka ciwo yake?"

"A'a."

"To tafi ka zuba. Yau ba ta aiki."

Na koma mota na buɗe kula. Na ɗauki dokunu ɗaya ina juya shi, ina neman ta inda ake fara kwance ganyen. Shekarata hamsin da takwas ina cinsa kusan kullum, a kwance yake zuwa gabana, a yanke, da kifi a gefe. Na yage shi ta tsakiya, rabi ya faɗi a yashi. Na zauna a bakin but ɗin mota na ci sauran haka nan, ina hango baƙin zanenta daga nesa. Ƙarfe uku ta yi, ban je na kira ta ba.